Mai neman kwafin folda shi zai biya, ba mara lafiya ba

Duk wanda ya taɓa bin layi a tagar ɗakin folda na babban asibiti, a Akra ne ko Kumasi ko Tamale, ya san mutane iri biyu ne a wurin. Akwai masu jira a ciro musu folda su shiga ganin likita. Akwai kuma waɗanda jinyarsu ta ƙare tuntuni, wasu ma mara lafiyar ya riga mu gidan gaskiya, amma takarda ta dawo da su. Kamfanin inshora ya ce ba zai biya ba sai ya ga kwafin abin da likita ya rubuta. Asibiti ya ce kwafi ba kyauta ba ne. Kamfani ya ce shi ba ya biyan kuɗin kwafi. Daga nan sai kowa ya juyo kan wanda ba shi da bakin magana, a ce masa ya je ya biya ya dawo. Wani lokacin a ba shi rasit, wani lokacin ko rasit ɗin babu.

Wani zai ce, to nawa ne kuɗin fotokwafi da za a tsaya rubuta sharhi a kansa? Ga mai albashi ba komai ba ne. Amma a tambayi mai sayar da koko a Nima ko mai tura kura a kasuwar Aboabo. Ranar da ta tafi asibiti neman takarda, ranar ba ciniki. Ga kuɗin trotro zuwa da dawowa. A ce mata mai sa hannu ba ya nan, ta dawo Alhamis. Ranar Alhamis a ce ba a ga foldar ba. Kafin takarda ta fito, abin da ta kashe ya kusa cinye abin da take fatan kamfani ya mayar mata. Da yawa a nan suke haƙura su bar haƙƙinsu, kamfani kuwa bai yi asarar ko sisi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ra'ayin wannan jarida a fili yake. Idan kamfanin inshora ne yake son kwafi don amfanin kansa, shi zai biya asibiti, kai tsaye, a kan farashin da kowa ya sani. Idan takardar tana cikin abin da asibiti ya kamata ya haɗa da lissafinsa tun farko, asibiti zai ɗauki nauyinta. Mara lafiya ba ya cikin wannan ciniki, kuma bai kamata a sa shi a ciki ba.

Yadda kuɗi ke yawo

Don a gane inda matsalar take, sai an tuna yadda aka gina tsarin. Kafin shekarar 2003, abin da muka sani shi ne kash-an-kari: ka biya a duba ka, ba ka da shi ka koma gida. Dokar inshorar lafiya ta 2003, mai lamba 650, ita ta kawo NHIS a zamanin Shugaba Kufuor, sannan doka mai lamba 852 ta 2012 ta maye gurbinta. Kuɗin asusun yana fitowa ne mafi yawa daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka, da wani kashi 2.5 daga gudummawar ma'aikata ta SSNIT, sai ɗan abin da masu sana'ar hannu ke biya lokacin sabunta kati. Ma'ana, ko ba ka da kati, duk ranar da ka sayi kaya mai haraji ka sa hannu a asusun.

A tsarin NHIS, mai kati ba ya kai wa hukuma takardar neman biya. Asibiti ne ke tara lissafin marasa lafiyar da ya duba, ya aika wa hukumar NHIA, ita kuma ta tantance ta biya. Tana da cibiyoyin tantance lissafi a Akra, Kumasi, Cape Coast da Tamale, tana kuma tura likitoci da masu bincike asibitoci su buɗe foldoji su gani ko maganin da aka ce an bayar an bayar da gaske. Wannan bincike dole ne, don kuɗin jama'a ne, kuma an sha kama lissafin bogi.

Ita wannan doka ta 2012 ta kuma ɗora wa NHIA alhakin ba da lasisi da sa ido a kan kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu, irin waɗanda bankuna, kamfanonin waya, ma'adinai da manyan makarantu ke yi wa ma'aikatansu rajista da su. 'Ya'yanmu da yawa da suka yi karatu suka sami aiki suna riƙe da irin wannan kati, wasu har da iyayensu a ciki. A nan ne ake yawan cewa mutum ya biya da aljihunsa, daga baya ya kawo takardu a mayar masa. Haka nan wanda mota ta buge yana neman diyya daga inshorar mai motar, ko magada masu neman kuɗin inshorar rai: duk sai an nemi rahoton likita ko kwafin folda. Duk inda aka ce sai ka kawo takarda kafin a biya ka, to kuɗin takardar ya zama shinge.

Buƙata iri uku

Rikicin yana tasowa ne saboda ana cakuɗa abubuwa uku da sunan abu ɗaya.

Na farko shi ne takardun da ke tafiya da lissafi: sunan cutar, ranar kwanciya da ranar sallama, maganin da aka bayar, sakamakon gwajin da ake neman kuɗinsa. Wannan hujjar asibiti ce a kan kuɗin da yake nema. Tela ba ya cajin mai kaya kuɗin takardar da ya rubuta masa lissafin ɗinki. Asibitin da ya ce sai an biya shi kafin ya nuna hujjar abin da yake nema a biya shi, bai yi adalci ba. Kuɗin wannan aiki ya kamata ya kasance cikin farashin da asibiti da kamfani suka yi yarjejeniya a kai.

Na biyu shi ne buƙatar da kamfani ya ƙirƙiro daga baya don amfanin kansa. Ya biya lissafi tun bara, yau ya aiko yana son foldojin mutum ɗari don ya duba yadda zai tsara farashin baɗi. Ko yana son tarihin mutum na shekara goma don ya gano ko akwai tsohuwar cuta da zai fake da ita ya ƙi biya. Ko yana son likita ya zauna ya rubuta masa rahoto na musamman. Wannan aiki ne sabo, kamfani ne ya jawo shi, kamfani ne zai amfana. Kowa ya san wanda ya sa aiki shi ke biyan lada.

Na uku shi ne mara lafiya da kansa yana son bayanan jikinsa, don ya kai wa wani likita, ko zai tafi neman magani waje, ko kawai yana son ya san abin da aka yi masa. Wannan haƙƙi ne. A 2010, sashen kare haƙƙin ɗan Adam na Babbar Kotu a Akra ya yanke hukunci a ƙarar wata mata da wani asibiti mai zaman kansa ya hana ta bayanan jinyarta: kotu ta ce tana da haƙƙin a ba ta kwafi, abin da za a nema daga gare ta shi ne kuɗin yin kwafin daidai gwargwado. Dokar kare bayanan mutum ta 2012, mai lamba 843, ita ma ta ba kowa damar neman bayanan da wata ma'aikata ke riƙe da su a kansa, ta ce a amsa cikin kwana 40, ta kuma sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman.

Dabarar da ake yi ita ce a ɗauki buƙata ta biyu a sa mata rigar ta uku. Maimakon kamfani ya rubuta wa asibiti ya biya, sai ya ce wa mai kati: je ka karɓo foldarka ka kawo mana. A takarda, mara lafiya ne ya nema. A gaskiya, kamfani ne ya aike shi, da kuɗinsa da ƙafarsa.

Abin da wasu ƙasashe suka koya

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan ba, kuma akwai darasi a inda aka riga mu.

A Birtaniya, kafin watan Mayun 2018, likita na iya cajin mara lafiya har fam 50 don kwafin foldarsa ta takarda. Da sabuwar dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, kwafin mara lafiya ya zama kyauta. Shi kuwa kamfanin inshora hanyarsa daban: akwai dokar 1988 da ta tsara yadda zai nemi rahoto daga likita, sai da yardar mutumin, mutumin yana da damar ganin rahoton kafin a aika, kuma kamfani ne ke biyan likita. Wasu kamfanoni sun gwada bi ta bayan gida, suna sa masu neman inshora su nemi dukan foldarsu da sunan haƙƙinsu, sannan a miƙa wa kamfani. A 2015 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ce wannan cin zarafin haƙƙin ne, don an ba mutum damar ganin bayanansa ne domin ya kare kansa, ba domin kamfani ya sami hanya mai arha ba.

A Turai, ranar 26 ga Oktoba, 2023, babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar wani mara lafiya a Jamus da likitar haƙorinsa ta ce sai ya biya kafin ta ba shi kwafi. Kotu ta ce kwafin farko kyauta ne, kuma ba dole ya faɗi dalilin da ya sa yake so ba.

A Amurka, dokar HIPAA ta 1996 da ƙa'idojinta sun ce abin da za a caji mara lafiya kada ya wuce ainihin kuɗin yin kwafin. A 2016 ma'aikatar lafiyarsu ta ce asibitin da ba ya son dogon lissafi yana iya karɓar dala 6.50 a dunƙule don kwafin da ke cikin kwamfuta. Sai lauyoyi da kamfanoni suka riƙa bi ta hannun marasa lafiya don su ma su sami wannan rangwame. Wani babban kamfanin da ke yi wa asibitoci aikin fitar da kwafi, Ciox, ya kai ƙara, kuma a watan Janairun 2020 wata kotun tarayya a Washington ta ce rangwamen na mara lafiya ne idan shi za a ba, bai shafi kwafin da za a aika wa wani ba. Jihohi kuma suna da nasu iyaka: a New York, misali, kada a wuce santi 75 a kowane shafi na takarda.

Ba muna cewa tsarin Amurka abin koyi ba ne. A can harkar kwafi ta zama kasuwa mai zaman kanta, da kamfanonin da ba su da wata sana'a sai ita, kuma kamfanonin inshorar da gwamnati ke ƙara wa kuɗi idan marasa lafiyarsu sun fi jin jiki suna tura mutane su tono foldoji don neman cutar da za a ƙara a lissafi. Amma a duk wuraren nan uku an yarda da abu guda: buƙatar mara lafiya daban, buƙatar kamfani daban, kuma ba farashi ɗaya ba ne. Mu a nan har yanzu ba mu rubuta wannan bambanci a inda ma'aikacin ɗakin folda zai gani ya bi ba.

Hujjar asibiti da hujjar kamfani

Adalci ne a saurari kowa. Asibiti yana da gaskiyarsa. Fitar da kwafi aiki ne: sai an sami mai neman folda a ɗakin da aka jibge dubbai, a cire ƙusa, a ɗauki hoto shafi-shafi, a tabbatar ba a haɗa da takardar wani ba, babban ma'aikaci ya duba ya sa hannu. Takarda kuɗi, tawada kuɗi, in wuta ta ɗauke man janareto kuɗi. Idan likita ne zai rubuta rahoto, lokacin da zai ɗauka lokaci ne da ya kamata ya ga marasa lafiya. Ga shi kuma asibitoci sun daɗe suna kukan jinkirin biya daga masu inshora, har ƙungiyar asibitocin mishan ta CHAG da ta masu asibitoci masu zaman kansu sun sha yin barazanar daina karɓar kati. Wanda ake bin kamfani bashin wata da watanni, a kuma ce ya yi wa kamfanin aikin fotokwafi kyauta, dole ya ji ciwo. Mun yarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ya huce a kan mara lafiya don shi ne a gabansa, kamfani kuwa yana nesa.

Kamfani ma yana da tasa. Zai ce: ni nake biyan kuɗin maganin, ta yaya za a ce sai na sake biya kafin in duba ko an cuce ni? Idan aka bar asibitoci su yanka farashin kwafi yadda suka ga dama, mai lissafin bogi sai ya tsawwala kuɗi don ya hana bincike. Wannan magana ce mai ƙarfi, shi ya sa muka ce hujjar lissafi ba a sayar da ita, kuma mai binciken da ya zo asibiti da ƙafarsa ya zauna ya karanta folda, ba a karɓi ko fesuwa a hannunsa ba. Wannan ya shafi NHIA musamman: kuɗinta na jama'a ne, binciken da take yi kariya ce ga kowa, kada a ɗora masa haraji. Abin da ya dace shi ne a riƙa lissafa wahalar ajiye bayanai da fitar da su duk lokacin da ake sabunta farashin da take biyan asibitoci, a kuma biya su a kan kari.

Kamfani zai ƙara da cewa duk abin da aka caje shi, a ƙarshe masu biyan kuɗin inshora ne za su ɗauka. Haka ne. Amma ai ma'anar inshora ke nan: nauyin da zai karya mutum ɗaya a raba wa dubu. Gara a ƙara wa kowa ɗan abin da ba zai ji ba, da a ɗora wa wanda ya fito daga gadon asibiti shi kaɗai, a ranar da aljihunsa ya fi bushewa.

Folda ba takarda ce kawai ba

Akwai abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Folda sirrin mutum ce. A ciki akwai ɓarin da mace ta yi ba ta gaya wa kowa ba, akwai gwajin ƙanjamau, akwai sikila, akwai ciwon hanta, akwai lokacin da hankalin mutum ya taɓu, akwai matsalar haihuwa da miji da mata suka rufe tsakaninsu. A unguwanninmu, inda kowa ya san gidan kowa, magana ɗaya ta fita tana iya raba aure ko hana shi, tana iya kashe kasuwar mai abinci. Idan kuma inshorar ta wurin aiki ce, takardar tana iya ratsawa ta ofishin wanda gobe zai yanke shawarar wa za a sallama.

Abin da ake samu kyauta ba a auna shi. Kamfanin da ba ya biyan ko sisi zai ce a kawo dukan folda ko da ƙafa ce kawai ta karye. Kamfanin da zai biya kowane shafi zai tsaya ya yi tunani, ya nemi abin da ya shafi karayar kaɗai. Saboda haka cajin kamfani kariya ce ga sirrin mara lafiya, ba ga asusun asibiti kaɗai ba. Kundin haƙƙin marasa lafiya na Hukumar Lafiya ta Ghana, wanda aka shigar cikin dokar lafiyar jama'a ta 2012 mai lamba 851, ya ce ba a ba wani bayanan mara lafiya sai da yardarsa, in ba doka ce ta tilasta ba ko maslahar jama'a. Ya kuma ce a sanar da shi kuɗaɗen da zai biya tun kafin a fara. Dokar 843 ta ƙara da cewa kada a tara bayanin da ya wuce buƙata.

Sai dai wace irin yarda? Takardar yarda da Turanci take, da ƙananan haruffa, a ƙasan fom mai shafi huɗu. Dattijon da ya iya karatun ajami tsaf amma bai yi boko ba, ana nuna masa inda zai dangwala yatsa, shi ke nan ya ba kamfani izinin ganin duk abin da likita ya taɓa rubutawa a kansa. Wannan ba yarda ba ce. Yarda ita ce a gaya wa mutum da harshen da yake ji, Hausa ne ko Twi ko Dagbani ko Ga, wane shafi za a bayar, wa za a ba, don me.

Abin da muke nema

Na ɗaya, Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Lafiya ta Ghana su fitar da farashi guda na kwafi da na rahoton likita, a bambanta na mara lafiya da na kamfani, a kai wa Majalisa. Kuɗaɗen da asibitocin gwamnati ke karɓa sai da amincewar Majalisa, kuma ba mu manta da hayaniyar 2023 ba, lokacin da aka ga sanarwar ƙarin kuɗin wankin ƙoda a Korle Bu daga sidi 380 zuwa sama da 765 kafin Majalisa ta amince. Ƙa'idar da ta hau kan babban kuɗi ta hau kan ƙarami. A manna farashin a jikin tagar ɗakin folda, da manyan haruffa. Hukumar HeFRA, mai ba asibitoci lasisi, ta sa wannan cikin sharuɗɗan asibitoci masu zaman kansu.

Na biyu, NHIA, a matsayinta na mai ba kamfanonin inshorar lafiya lasisi, ta haramta musu aiken mai kati ya karɓo musu takarda da kuɗinsa. Kamfani ya rubuta wa asibiti, ya haɗa da yardar mai kati, ya biya, a aika masa. Idan dole ta sa mutum ya biya da kansa, a mayar masa da kuɗin tare da na magani. Hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ta yi irin wannan ga masu inshorar mota da ta rai.

Na uku, a hana riƙe diyya da sunan jiran takarda. Idan asibiti da kamfani suna jayayya a kan kuɗin kwafi, su je su yi a tsakaninsu, agogon biyan mara lafiya kada ya tsaya.

Na huɗu, kwafin farko da mara lafiya ya nema don kansa ya zama kyauta, ko a karɓi kuɗin takarda da tawada kawai. Takardar sallama da sakamakon gwaji kuwa a ba shi a hannu ranar da zai tafi gida, ba sai ya roƙa ba. Yanzu da asibitoci da yawa suka koma rubutu a kwamfuta, babu hujjar cajin kuɗin shafi-shafi a kan abin da danna maɓalli ɗaya zai fitar. Amma kwamfuta tana da nata haɗari: sauƙin aikawa shi ne sauƙin yaɗuwa. Hukumar kare bayanai ta tashi tsaye ta duba wa ke buɗe foldar wa, ta kuma hana ɗabi'ar ɗaukar hoton takardar mara lafiya da wayar hannu a tura ta WhatsApp.

Na biyar, 'yan majalisarmu, musamman na mazaɓun da ke da manyan zangonni irin su Ayawaso, Asawase, Madina da Ashaiman, su ɗauki maganar. Ba ta buƙatar gina sabon asibiti ko ciyo bashi. Ƙa'ida ce kawai ta shafi biyu.

Kafin a gyara

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da mai karatu zai iya yi. Duk wanda ya ce ka kawo takardar asibiti, ka ce ya rubuta maka ainihin wadda yake so, da dalili. Kada ka miƙa dukan folda alhali shafi biyu ake buƙata. Ka tambayi kamfani tun farko wa zai biya kuɗin kwafi, ka duba takardar yarjejeniyarka ko ka ba wanda ka amince da shi ya karanta maka. Kada ka biya ko sidi ɗaya ba rasit, kada ka tura kuɗi ta MoMo zuwa lambar ma'aikaci. Ka ajiye kwafin duk abin da ka bayar, ka rubuta ranar da ka nema. Mai katin NHIS ya sani cewa NHIA ta sha nanata cewa karɓar ƙarin kuɗi a kan aikin da kati ya ɗauka haramun ne a tsarin, kuma ofishinta na gunduma wurin kai kuka ne. Idan an hana ka bayananka, ko an ba wani ba da saninka ba, akwai hukumar kare bayanai, akwai CHRAJ. Ƙungiyoyin matasan zango da suke taimaka wa tsofaffi sabunta kati ta *929# su ƙara da wannan: su raka su tagar folda, su karanta musu fom kafin a dangwala.

Asibiti yana da akanta, kamfani yana da lauya. Kowannensu ya iya kare aljihunsa. Matar da ke tsaye a taga da ɗan kati a ƙullin zane ba ta da kowa sai ƙa'ida, in an rubuta ta. Ita ta yi ciwon, ita ta biya harajin, ita ta biya kuɗin inshorar. Kuɗin kwafi kuma, a kai wa wanda ya ce a yi kwafin.